Kafin a sauke injin tsohuwar Land Cruiser saboda ta daina ja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana da masu tsofaffin motocin shiga daji, musamman Land Cruiser mai injin 1HZ da Hilux mai injin 3L ko 5L. Su ne ke ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, su ne ke ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku, don haka lafiyarsu ta shafi mutane da yawa. Abin da ke damuna shi ne, da zarar direba ya ce mota ba ta ja a hawa, sai ka ji an yanke hukunci a tsaye: ko a ce injekta ce, wato na'urar da ke tura mai cikin inji, ko a ce inji ya gaji sai an yi ringin, wato sauya zobban fistin. A sauke inji, a kashe kuɗi masu nauyi, a ɗora, mota ta koma gidan jiya, domin tun farko ba a can ciwon yake ba.

Da farko mai mota ya san abin da yake hawa. Injin 1HZ ya fito a 1990, silinda shida, lita 4.2, babu tabo (turbo, na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji), ƙarfinsa kusan doki 130 ne kacal, yana jan motar da ta kai kusan tan biyu ko fiye ko babu kaya a ciki. Tun tana sabuwa ba ta gudu ba ce. Kuma injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama, saboda iska tana raguwa. Wanda ya taso daga Lakwaja ya hau Jos, mai tsawon kusan mita 1,200, zai ji motar ta yi sanyi tana ɗan baƙin hayaƙi, alhali lafiyarta lau. Ma'auni mai kyau shi ne a zaɓi hawa ɗaya da aka sani, da kaya iri ɗaya, a giya ɗaya, a riƙa duba gudun da take kaiwa kafin gyara da bayansa.

Sannan a tabbatar injin ne ya rasa ƙarfi, ba wani abu ne ke riƙe motar ba. A sa giya ta huɗu ana tafiya a hankali, a taka totur har ƙasa. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kulochi ne ke zamewa, sau da yawa har da warin ƙuna. A yi tafiyar kilomita biyar ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa. Birkin hannu na yawan yin haka bayan an shiga taɓo, domin wayarsa na cijewa. A duba ƙaramin sandan giya da makullan ƙafafun gaba: motoci irin su Land Cruiser samfurin 75 da 79 ba a yi su don tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta ba, in an manta su a haɗe sai mota ta yi nauyi, sitiyari ya yi tauri, taya ta riƙa cinyewa. Haka wanda ya sace iskar taya don ratsa yashi bai mayar ba. Masu sa manyan tayoyi kuma su sani, tayar asali 7.50R16 tsayinta kusan santimita 81 ne. In aka sa mai santimita 89, an yar da kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da ke isa ƙasa, kuma babu makanikin da zai dawo da shi ta hanyar taɓa inji.

Akwai wani ɗan abu da ake raina shi. Wani ya taka totur har ƙasa, inji a kashe, wani ya leƙa ya ga ko hannun famfon mai, wato babban famfon da ke jikin inji mai tura mai zuwa silinda, ya kai ga kusar da ke tsayar da shi. Wayar totur na saki da tsufa, shimfiɗar ƙasa mai kauri ma na tokare feda. Gyaran minti biyar ne.

In duk wannan lafiya, sai a koma bayan mota a karanta hayaƙi yayin da take jan kaya a hawa, domin shi ne ke nuna inda za a dosa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, ko nozul, wato bakunan da ke fesa mai cikin silinda, ba sa fesa shi yadda zai ƙone. Fari mai yaji a ido gas ne, wato man dizal, da bai ƙone ba: taimin, wato saitin lokacin fesa mai, ya makara, ko matsin silinda ya ragu, ko iska na shiga layin mai. Fari maras yaji, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ne ko tsagewar kan inji. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. In kuwa mota ta mutu a hawa amma salansa tsaf babu hayaƙi, to yunwa take ji, mai ne ba ya isa, kuma wannan ne ya fi yawa a wurarenmu.

Mai baƙin hayaƙi ya fara da filtar iska. A lokacin hunturu, a hanyar burji, filta na iya toshewa cikin 'yan kwanaki. Kada a buga ta a jikin taya, takardar na tsagewa a inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta cinye ringi. A hura ta da iska mara ƙarfi daga ciki zuwa waje, a haska fitila a ciki, in haske bai ratso ba ko an ga huda a sake sabuwa. A zubar da ƙurar da ke taruwa a kofin ƙasan gidan filtar. A leƙa bututun shaƙar iska, musamman mai tsayin nan da ke hawa gefen gilashi, leda da sheƙar tsuntsu na shiga. A bi salansa daga gaba zuwa baya, domin dutse ko kututture kan lotsa bututun, injin da ba ya fitar da numfashi kuwa ba zai shaƙa ba.

A wajen mai ne nake so a daɗe. Gas ɗin da ake saya a jarka ko a tsohon duro yakan zo da ruwa da tsatsa, wani kuma an gauraya shi da kananzir. Kananzir ba shi da santsin gas, famfon injin nan kuwa da gas ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi, don haka gaurayen na cinye shi a hankali. A ƙasan filtar mai akwai abin kwancewa na zubar da ruwa. A tara a kwalba mai haske, a bar ta ta kwanta, ruwa zai zauna a ƙasa. A saman gidan filtar akwai ɗan famfon hannu, kuma yana ba da labari ga mai lura. In ana danna shi ba ya yin tauri, iska na shiga ta wani wuri. In inji na aiki sai aka ga ya lotsa ciki ya ƙi tasowa, an toshe hanya tsakaninsa da tanki. Iska na iya shiga ta inda mai ba ya ɗiga, domin wannan layin tsotsa yake yi, shi ya sa ake dubawa a ce ai babu yoyo. Hanyar kama ta ita ce a sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, a ba inji wuta, a kalla. In kumfa na wucewa a jere, sai a bi tiyo-tiyo da robar filta da shi kansa famfon hannun, wanda robarsa ke tsagewa da tsufa.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na jarka. A zuba lita biyar na gas mai tsabta, a ɗaure ta da kyau, a jawo tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa filta, a mayar da tiyon dawowar mai cikinta, a hau hawan nan da aka sani. In ƙarfi ya dawo, inji da famfo sun fita daga zargi. Saura tanki, ragar da ke bakin bututun tsotsa, da tiyon da ya ruɓe ta ciki yana mannewa. Motar da ke tafiya lafiya na rabin awa sannan ta fara shaƙewa, in an tsaya ta huta ta dawo daidai, a buɗe murfin tanki a saurara. In ya ja iska da ƙara, hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Masu tanki biyu su gwada kowanne daban.

Sai an wuce nan ake taɓa nozul. Inji na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a sassauta notin bututun kowane silinda da sifana 17, ɗaya bayan ɗaya, a rufe da tsumma. Wanda aka sassauta inji ya girgiza, to silindarsa na aiki. Wanda babu abin da ya canza, nan matsalar take. Kada a kai yatsa kusa da feshin, yana huda fata, kuma raunin na iya kai wa ga yanke yatsa. A kai nozul ɗin wurin masu na'urar gwaji, mai mota ya tsaya ya gani da idonsa. Sabon nozul na 1HZ yana buɗewa ne a matsin kilo 145 zuwa 155 a kan murabba'in santimita, ya fesa kamar hazo, ya ɗauke ba ɗigo. Wanda ke tsiyaya kamar famfon wanka yana kawo hayaƙi da ƙwanƙwasa, kuma yana iya ƙona kan fistin.

Ina kira ga 'yan'uwana masu gyara da su bar kusar ƙarin mai da ke jikin famfo yadda kamfani ya ɗaure ta. Gaskiya ne in an murɗa ta mota na ɗan zabura, mai ita ya tafi yana murna. Amma iskar da injin ke shaƙa ba ta ƙaru ba, don haka ƙarin man zafi yake zama. A doguwar hawa da kaya, zafin nan ne ke tsaga kan inji da ƙananan ɗakunan ƙuna da ke cikinsa. Garin neman gira an rasa ido ke nan, kuma asalin toshewar da ta jawo rashin ƙarfin tana nan ba a taɓa ta ba.

Taimin ma yana da bambancin da ya kamata a sani. A 1HZ haƙoran ƙarfe ne ke juya famfon mai, bel ɗin kuwa sandar bawul kaɗai yake ja, don haka in ya tsallake haƙori lokacin buɗewar bawul ne ya goce. A 3L da 5L bel ɗin ne ke jan su duka biyun. In rashin ƙarfin ya fara ne daga ranar da aka sake bel, a buɗe murfi a duba alamomin kafin komai. Tsofaffin samfurin a kilomita 100,000 ake sake shi, kuma in ya tsinke bawul da fistin na karo. Saita famfon kansa da agogon awo ake yi bisa adadin da littafin shekarar motar ya bayar. Saitin kunne ba ya isa.

Tazarar bawul ana mantawa da ita shekara da shekaru, saboda a injin 1HZ da ƙananan faifan ƙarfe ake saita ta, ba da kusa ba. Inji a sanyi, ta shigar iska milimita 0.15 zuwa 0.25, ta fitar hayaƙi 0.35 zuwa 0.45. Da tsufa tazarar kan matse, bawul ya daina rufuwa sosai, matsi ya zube, mota ta riƙa wahalar tashi da safe. Mutane da yawa an yi musu ringin a kan abin da sauya 'yan faifan nan zai warkar.

Bayan an saita bawul ne awon matsin silinda ke da ma'ana. A ɗumama inji, batir a cike, a cire wayar da ke buɗe mai a jikin famfo, a cire hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin tashi, duka shida, a auna ta raminsu. Lafiyayyen 1HZ yana ba da kilo 37 a kan murabba'in santimita ko fiye, mafi ƙarancin da aka yarda da shi 27, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare gasket suke nunawa. In duka sun yi ƙasa, ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi ta bakin zuba baƙin mai har murfin da aka ɗora a sake yana tsalle, ga mota na shan baƙin mai, to a nan ne maganar sauke inji ta halatta. Mai mota ya nemi a rubuta masa adadin kowane silinda a takarda, daga na ɗaya zuwa na shida, kafin ya yarda a kwance noti ko ɗaya.

Wassalam.

Daga wani mai gyaran motocin gas, Kano