Lambar 192.168 ba shaida ba ce a kan kowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wani kuskure da ya kusa raba wasu maƙwabta biyu a kasuwar Garwa, mutanen da suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya.

Wani ɗan kasuwa ya samu imel da sunan mai aiko masa da kaya daga Duwala, ana sanar da shi cewa an sauya asusun banki. Allah ya taimake shi ya buga waya kafin ya tura kuɗi, ya gane damfara ce. Ɗansa ya buɗe ɓoyayyun bayanan da ke kan saƙon, ya ga lamba 192.168.1.4, wato adireshin intanet na wata na'ura, ya je ya tarar da irinta a kwamfutar shagon da ke kusa da nasu, nan take aka ce an kama ɓarawo. Da aka kawo mini maganar, da yake gyaran kwamfuta ne sana'ata, sai na nuna musu cewa wayar mai ƙarar ma lambar da ta fara da 192.168 take ɗauke da ita a gidansa.

Tun shekarar 1994 aka keɓe rukuni uku na adireshin intanet domin amfanin cikin gida kawai: duk wanda ya fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da kuma masu farawa da 192.168. Na'urar da ke rarraba intanet a gida ko ofis ita ke raba su, kuma ba sa fita waje, saboda haka lamba ɗaya tana iya kasancewa a Marwa da Njamena da Faransa a lokaci guda. Kamar a ce maka mutum yana ɗaki na huɗu ne ba a faɗa maka gidan ba, alhali kowane gidan haya yana da ɗaki na huɗu.

Mai son bin sawun saƙo ya duba layukan da suka fara da kalmar Received. Kowace uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke isar da saƙonni, da saƙon ya ratsa tana ɗora nata layin a sama, don haka daga ƙasa ake karantawa zuwa sama, a tsallake lambobin cikin gida har a kai ga adireshin farko na fili. Wannan ne ake nema a rajistar masu adireshin intanet, kuma a nahiyarmu AFRINIC, mai mazauni a Morishus, ita ke riƙe da ita. Sai dai abin da za ta nuna shi ne kamfanin da aka ba adireshin, ba mutumin da ya rubuta saƙon ba, kuma kamfanonin wayar salula sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi guda. Ga shi kuma wanda ya aiko daga shafin Gmail, adireshin Google za a gani, ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane ba su san cewa ɗan damfara yana iya ƙirƙiro layukan ƙasa da hannunsa ba, kamar yadda yake iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikowa. Layin da za a amince da shi shi ne wanda uwar garken mai karɓa ta rubuta. Ita ce kuma ke rubuta sakamakon binciken SPF da DKIM, wanda ke nuna ko saƙon ya fito daga inda ya yi iƙirari. A saƙon da aka kawo mini, duka binciken biyu ba su tabbatar da shi ba.

Na shawarci ɗan kasuwar kada ya goge saƙon, kada kuma ya wadatu da hoton fuskar waya, ya kai shi cikakke ga 'yan sanda ko ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, domin dokar 2010 ta yaƙi da laifukan intanet ta ba masu bincike hanyar neman bayanai daga kamfanonin sadarwa. Maƙwabcin kuwa, an je har gida an ba shi haƙuri.

Naku mai karatu,
daga Garwa, Kamaru