Rahoton Ayyukan Kungiyarmu Na Bana Da Tafiyar Tsibirin Mafia

Assalamu alaikum iyayen kungiya, yayye da kanne. Ga rahoton bana a takaice daga sakatarenku.

Taron wata-wata ya gudana lafiya, sai na watan azumi da aka daga, adashin tafiya kuma yawancin mutane sun cika nasu, Allah ya saka.

Babban aikin dai shi ne tafiyar Disamba zuwa tsibirin Mafia na kasar Tanzaniya. Mun tashi daga Kano ta Addis Ababa zuwa Dar es Salaam, daga nan karamin jirgi ya sauke mu Kilindoni, babban garin tsibirin, cikin kamar rabin awa. Wasu sun so a je Zanzibar ne, to wallahi gara da aka zabi nan, bakin ruwa fes ba hayaniya ba masu binka da talla, sai masunta da itatuwan kwakwa, ga shi yawancin mutanen wurin musulmi ne, ba mu sha wahalar abinci ko masallaci ba.

Tun 1995 gwamnatinsu ta killace ruwan kudancin tsibirin saboda halittun ciki, shi ya sa akwai kudin shiga da ake biya kullum da dala, wannan ne ya dan taba asusu, ma'aji zai kawo lissafi a taro mai zuwa. An dauke mu a kwalekwale muka ga katon kifin nan mai digo-digon fari da ya fi kowane kifi girma a duniya, baya cin mutum sam, kananan halittun ruwa yake tacewa, amma duk da haka dattawanmu suka ce su daga cikin jirgi ma sun gani ya isa, matasa ne suka fada ruwa. A tsibirin Chole kuwa kangayen tsofaffin gine-gine ne saiwoyi sun nannade su, ga kukoki, ga manyan jemagu sun cika bishiyoyi.

Kyankyasar kunkuru a tsibirin Juani ce ta wuce mu, ita tsakanin Yuni da Satumba ake gani, kifin kuma daga Oktoba yake zuwa, kun ga ba a hada biyun. Masu son a koma badi saboda kunkurun su ba da suna da wuri, kuma dan Allah wadanda ake bi bashin adashi su biya kafin karshen Janairu, tikiti baya jiran kowa.

Wassalam, sakatare.