Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Gadarif, Sudan

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa.

An yi tarukan wata-wata kamar kullum, sai na tsakiyar damina da ruwa ya hana.

Rufin makarantar allo da ake ta yi mana magana a kai har yanzu ba a yi ba, kuma ba sakaci ba ne. Duk ranar da muka je kasuwa sai mu tarar kwanon rufi ya ƙara kuɗi, fam ya ƙara faɗuwa. Sannan da sojoji suka ƙwato birnin Wad Madani a Janairu, iyalan birnin da muka sauke tun ƙarshen 2023 suka so komawa gida, ba su da ko na mota. Kwamiti ya cire daga kuɗin rufin ya sallame su. Mai ƙorafi ya kawo shi taro, ba bakin mai shayi ba.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne buɗa-bakin azumi. Kowa ya san tun rikicin ƙabilanci da aka yi a garuruwan Damazin da Rusairis a Yulin 2022 gaisuwa ta yi sanyi tsakaninmu da wasu maƙwabta, har yara suka daina wasa tare. Dattawanmu, Allah ya saka musu, suka bi gida-gida da ƙafa suna gayyatar 'yan ƙabilun Nuba da Bani Amir da Masalit. Tun la'asar aka shimfiɗa tabarmi a titi. Iyayenmu mata suka tuƙa asida, suka dafa balila, suka jiƙa hilu-mur; samari suka kama gashin agashe, hayaƙin ƙuli-ƙuli da yaji ya cika layi. Maƙwabta ma ba su zo hannu rabbana ba, kowa da farantinsa. Da aka tashi magariba limaminmu ya ja da baya ya gabatar da nasu. Wani dattijo da ya daɗe ba ya amsa sallamarmu ya riƙe hannun shugaba ya kasa magana. Lokacin yankan riɗi kuwa, matasansu da namu gayya ɗaya suka fita gonar wata bazawara.

Sai kuɗin wata. Mutanen da suka ɗauki nauyin wancan buɗa-baki su ne dai ke biya, su ke zuwa dubiya, su ke haƙa kabari. Sauran ba a ganinsu sai ranar da rasuwa ko asibiti ya same su, su kira ma'aji da tsakar dare. Mun san halin da ake ciki, kuma wanda ba shi da shi an yafe masa tun tuni. Amma mai shago da mai mota su ce sun manta, ga Bankak, manhajar tura kuɗi, a wayarsu? Ma'aji ya gaji da bin ƙofofi, ni ma haka.

A taron Janairu za a buɗe littafi a gaban kowa. Wanda ake bi ya ga ma'aji kafin ranar.

Sakatare