Yadda alat ɗin bogi ke cin 'yan kasuwarmu a Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan uwanmu masu sana'a a Mile 12, Agege da Alaba Rago kan wani hali na ƙwaƙwalwa da 'yan damfara ke cin kasuwarsu da shi.

Duk abin da ya shiga kai ba wahala, zuciya takan ɗauke shi gaskiya. Tun 1977 masu nazarin halayyar ɗan Adam suka nuna cewa maganar da aka yi ta maimaitawa ta fi kwanta wa mutum a rai, ko da ƙarya ce. Shi ya sa jita-jitar WhatsApp, in ta zo maka sau uku, sai ka ji kamar ka tabbatar da ita.

Alat ɗin bogi, wato saƙon ƙarya mai nuna an turo maka kuɗi a banki, ta wannan ƙofar yake shiga. Sunan banki, tsarin rubutu, duk irin wanda ido ya saba gani. Ga hayaniya, ga gajiya, ga mai saye yana cewa motarsa za ta tashi. Ido ya gane siffa, hankali ya kwanta, ba a karanta ba. Haka buhunan albasa ke tafiya, abin takaici, gumin 'yan kasuwa na wata guda.

A jawo wa kai ɗan wahala da gangan. Kada a dogara da saƙon tes ko hoton rasit. A buɗe manhajar banki a ga ko kuɗi sun ƙaru. A ƙirga sifili da baki, domin a gaggauce 50,000 da 500,000 kusan ɗaya suke. In mai saye ya matsa, a janye kayan gefe har kuɗin su bayyana a asusu.

Naku,
Wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam,
Agege, Legas