Amsa ga Baba Alhaji kan samun gidajen karkara

Assalamu alaikum, Baba.

A taron da muka yi a unguwar Aboabo ta Kumasi kun miƙe a gaban jama'a kun ce shekara ashirin ke nan kuna sayen masara a ƙauyukan gundumar Ejura da ke jihar Ashanti a Ghana, kuma tunda na yi aikin ƙididdiga, in gaya muku da alƙaluma ko samun gidajen can ya ƙaru daga 2005 zuwa yau. Magariba ta katse mu. Ga amsar a rubuce, don waɗanda suka ji tambayar su ji ta.

Ana iya kimantawa, Baba, amma sai an san gidan da ake nema. A ɗauki misali da gida biyar: ɗaya na samun sidi (kuɗin Ghana) 500 a wata, na biye 600, sai 700, sai 800, na biyar kuma mai tarakta ne da shagon taki, yana samun 20,000. In aka haɗa aka raba biyar, kowa ya tashi da 4,520, kuɗin da huɗu daga cikinsu ba su taɓa riƙewa a wata guda ba. In kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, 700 ne. Wannan na tsakiyan nake so mu riƙa tambaya, domin attajiri ɗaya ba ya iya jan sa sama.

Wahalar tana wajen sanin samun shi kansa. Na taɓa zama a ƙofar wani manomi da takardar tambayoyi a cinya, na ce nawa yake samu a wata. Ya buɗe tafin hannu ya ce ba ya samun komai. Bayansa buhunan masara ne jere har rufi, matarsa na fere doyar gonarsu, ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ɗansa da ke Kumasi ya turo kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Bai yi mini ƙarya ba. A wurinsa samu shi ne albashi. Kuɗinsa na zuwa ne da girbi, ya yi ta gutsura har wani girbin. Shi ya sa Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ke auna talauci da abin da gida ya ci ya kashe, har da abin da ya noma ya ci, a yi masa kuɗi da farashin kasuwa. Kuma gida a wurinta su ne masu ci daga tukunya ɗaya. Tsakar gida guda na iya ɗaukar tukunya huɗu. In wani ya ƙirga su ɗaya a bana, wani ya ƙirga huɗu a baɗi, za a ga samu ya zube alhali ba abin da ya motsa.

Sai batun sidi, wanda kun fi ni sani. A Yulin 2007 aka mayar da tsohon sidi 10,000 sabon sidi ɗaya. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Dole a mayar da kuɗin kowace shekara kan farashin shekara guda kafin a gwada su, in ba haka ba mutumin da ke sayen shinkafa ƙasa da ta da zai fito a takarda kamar ya yi arziki.

Gundumomin Ghana ma ba su tsaya wuri ɗaya ba: 138 ne a 2004, suka zama 170 a 2008, 216 a 2012, yanzu 261. Suna ɗaya kan iya nufin ƙasa daban.

Babban binciken rayuwar gidaje, GLSS, an yi shi a 2005/06, 2012/13 da 2016/17. Na ƙarshen nan ya shiga gida wajen 14,000 a duk ƙasar. In aka raba wa gunduma 216, kowace ba ta kai gida saba'in ba. Wannan ya isa a yi magana kan jihar Ashanti, bai isa a yanke hukunci kan Ejura ita kaɗai ba. Dabarar da ake yi ita ce a haɗa shi da ƙidayar jama'a, wadda ke shiga kowane gida tana rubuta irin rufi, ruwan sha, wuta, ilimi da sana'a. Daga binciken a koyi yadda waɗannan ke tafiya da abin da gida ke kashewa, sai a ɗora kan ƙidayar. Haka aka fitar da taswirar talauci ta gundumomi a 2015, da ƙidayar 2010. Abin da ke fitowa kirdado ne mai tushe, kuma mai gaskiya zai faɗe shi da iyaka biyu, daga kaza zuwa kaza. Abin yana damuna, domin da irin waɗannan alƙaluma ake muhawarar inda za a kai tallafi da rijiya.

Baba, kun ce kuna da littattafan da kuke rubuta farashin buhu tun kuna fara zuwa can. Don Allah ku ba ni aronsu. Zan jera su gefen alƙaluman hukuma shekara-shekara, in kawo muku taro na gaba mu duba tare.

Ɗanku, daga Asawase, Kumasi.