Ga masu tafiya gida a Disamba: kada a kashe hita

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayye da ƙanne da ke Amurka da Kanada, barkanmu da shigowar sanyi, da fatan iyali suna lafiya. Kwamiti ne ya ɗora mini rubuta wannan saƙo, ganin mutane da dama sun riga sun yanki tikitin Disamba. Wasu ɗaurin aure za su, wasu gaishe da tsofaffi, wasu kuma gudun sanyin ne kawai, kuma ba mu ga laifinsu ba. Allah ya kai kowa lafiya. Maganarmu a kan gidan da za a bari a baya ne.

Mu yadda muka taso, in za ka yi tafiya sai ka kashe komai, ka zare soket, ka danna kwaɗo, ka bar wa maƙwabci sallahu. Hunturun gida iyakarsa ya fasa leɓe, ya kawo kaushi, ya cika ɗaki da ƙura. Ba mu taɓa jin ya fasa wa wani bututun ruwa ba. Da wannan sabon na yi tafiyar mako uku a shekarata ta biyu a Minnesota, na kashe hita ƙaf don in rage kuɗin gas, ina ganin na yi dabara. Ranar da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar ruwa. Silin ɗin ɗakin ƙasa ya zubo, darduma tana iyo, akwatin da takardun makarantata suke ya zama kamar kunu. Da mai gyara ya fasa bangon bayan wurin wanke-wanke, tsagar da ya nuna mini ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Tambayar farko da mutumin inshora ya yi mini ita ce: hita na kunne?

Abin da ke faruwa shi ne, ruwa in ya daskare girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar ta toshe bututu, ruwan da ke tsakaninta da kan famfo ya rasa wajen zuwa, sai ya tsaga bututun. Muguntar abin, sau da yawa ba a ganin komai sai gari ya ɗan sassauta, ƙanƙarar ta narke. Lokacin kuwa mai gida yana can yana cin tuwon biki.

Saboda haka a bar hita a kunne, kada ma'auninta ya yi ƙasa da digiri 55 a lissafin Amurka (Fahrenheit), wato kamar 13 a na Kanada (Celsius). A buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke da na banɗaki don ɗumi ya kai ga bututun. A cire tiyon ban ruwa daga famfon waje, a rufe makunninsa na ciki. Wanda zai jima, gara ya kashe ruwan gidan daga babban makunni, ya buɗe famfuna su tsiyaye. Kuma don Allah, Alhaji, a nuna wa Hajiya da manyan yara inda makunnin nan yake tun yau. Yawanci yana ɗakin ƙasa ko kusa da mitar ruwa. Mutanen Kanada su duba takardar inshorarsu da kyau: da yawa suna da sharaɗin cewa in an bar gida na wasu kwanaki lokacin sanyi, sai an sa wani yana leƙawa ko an kashe ruwa, in ba haka ba ba za su biya ba.

'Yan uwanmu na Houston da Dallas kada su ce ba da su ake ba. A Fabrairun 2021 sanyi ya sauka Texas, miliyoyin gidaje suka kwana babu wuta, bututu suka yi ta fashewa, don gidajen can ba a gina su da shirin irin wannan sanyi ba, bututun wasu ma ta cikin silin ya bi. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu, cikinsu har da waɗanda iskar kabon monoksaid ta kashe.

Nan ne nake so mu tsaya, don ya fi asarar darduma. In aka ɗauke wuta, hankalinmu kan koma ga abin da muka sani: gawayi a kasko, janareta a gefen ɗaki. Ɗakunan gida iska na shiga ta ko'ina. Na nan an toshe su ruf, kuma iskar kabon monoksaid da gawayi da janareta ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci kawai take sawa kafin ta kashe mutum. Gawayi bai shiga ɗaki. Janareta bai zama a gareji ko da ƙofa a buɗe, sai waje, aƙalla ƙafa 20 daga gida. Bayan dusar ƙanƙara ta zuba da yawa, a fita a share bakin bututun da hayaƙin hita ke fita ta bango. Sai kuma wata magana da iyayenmu mata za su yi mini afuwa: mun san turaren wuta na tayar da ƙararrawar hayaƙi, mun kuma san gidajen da aka zare mata batir ko aka ɗaure ta da leda saboda haka. A mayar mata da batirinta. Gobarar unguwar Bronx da ke birnin New York ta Janairun 2022, wadda ta ci mutum 17, akasarinsu 'yan asalin Gambiya, ƙaramar hitar lantarki ce ta haddasa ta. Irin wannan hita a jona ta a bango kai tsaye, a nisanta ta da labule da bargo kamar ƙafa 3, a kashe kafin barci.

Masu gidan kansu su kwashe ganye daga indararo kafin ƙanƙara ta kama, in ba haka ba ruwan da ya narke a kan rufi zai taru ya daskare a baki, ya koma ta ƙarƙashin rufin ya ɓata bango. 'Yan haya kuma ɗumama gida haƙƙinku ne, ba alfarma ba. A birnin New York doka ta wajabta wa mai gidan haya ba da ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, in ya ƙi a kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birnin. Kunyar nan tamu ta "kada a ce na cika ƙorafi" a ajiye ta gefe.

Matasanmu sun yarda za su riƙa zagaya gidajen matafiya. Duk mai so ya sanar da mai kula da walwala ranar tafiyarsa da ta dawowa, ya bar makulli, ya kuma ɗauki hoton inda babban makunnin ruwa yake ya tura masa. Masu aika saƙo gida kuma a yi haƙuri a rage nauyi, jakunkunan mutane sun riga sun cika.

A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti