Godiya ga 'yan pompiye, da abin yi kafin su iso

Malam Edita,

Muna roƙon fili mu gode wa 'yan pompiye na Maraɗi, wato masu kashe gobara, masu kutsa kai cikin hayaƙi lokacin da kowa ke neman hanyar fita. Allah ya saka musu da alheri.

Mu Kiristoci mun san Basamariyen da ke cikin Luka sura 10: ya tsaya, ya ɗaure raunukan mutumin da 'yan fashi suka yasar, ya ɗora shi bisa dabbarsa. Irin wannan ƙarfin halin ake buƙata yanzu da hunturu ya kama, amma da sani.

Idan gobara ta tashi, a kira lambar 18 tukuna, a faɗi unguwa da wata alama, kamar masallaci, majami'a ko famfo. Wutar man girki ko fetur ba a watsa mata ruwa, domin man yana hawa bisa ruwan ya bazu. A rufe tukunyar da murfi, fetur kuwa a danne shi da yashi. A rufe bakin tukunyar gas idan ana iya kai mata hannu.

Ƙuna ce aka fi yin ɓarna a kanta. A zuba ruwa mai sanyi minti 20, ban da ƙanƙara. Kada a shafa ƙwai, man haƙori ko toka: suna riƙe zafi, suna kawo ruɓa. Rigar da ta manne wa fata a bar wa likita.

Masu taruwa da salula suna ɗaukar hoto kuwa, don Allah ku ba motar hanya.

Wasu ma'aikatan jinya,
Maraɗi